Daga Yaron Maigida Zuwa Ɗan Bensikin: Yaƙi, Matsi da Renon 'Ya'yan New Bell

Tsakanin unguwar New Bell da yankin masana'antu na Bassa, a birnin Duwala na ƙasar Kamaru, tafiyar 'yan kilomita ce. Ɗan acaɓa, wanda a can ake kira ɗan bensikin, zai kai mutum nan da nan in dai cunkoson mahaɗar Ndokoti bai riƙe shi ba. Wanda ya san Kano zai gane wuraren nan biyu da sauƙi. Bassa ita ce Bompai da Sharaɗar Duwala, New Bell kuwa Fagge ce da Sabon Gari a haɗe, matattarar baƙi da 'yan kasuwa da masu cin abinci da guminsu. A cikinta unguwar Hausawa take, da babban masallacinta, da kasuwar awaki, da layukan maɗinka da na masu tsire.

Ƙorafin da ake ji a ƙofar gidajen unguwar shi ne wanda ake ji a Sabo ta Ibadan da Nima ta Akara. Dattawa na cewa yaran yanzu ba haƙuri, ba kunya, Hausar ma ta gagare su. Matasa na cewa dattawan sun ci zamaninsu sun haɗa da na 'ya'yansu. Kowane ɓangare na da hujjarsa, sai dai ƙorafi ba ya bayyana dalili. Dalilin na cikin tarihin shekara ɗari da 'yan kai, wanda a cikinsa tsara huɗu suka tashi a layuka ɗaya amma kowacce da irin duniyar da ta tarar. Duk tsarar da ta tashi a New Bell ta ga tashin hankali, ta kuma san babu. Abin da ya raba wata da wata shi ne halin da hanyar zama magidanci take ciki a lokacinta: a buɗe take, ko ta toshe.

Unguwar da ƙwace ya haifa

Jamusawa sun ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a watan Yulin 1884. Bayan shekara ashirin da 'yan kai suka yanke shawarar kwashe 'yan ƙasa daga bakin kogin Wuri, musamman tudun Joss, su mayar da wurin unguwar Turawa zalla. Suka shata fili a bayan gari domin jama'ar gidan sarautar Bell, suka bar tazarar kilomita ɗaya da ba a yarda kowa ya yi gini a cikinta ba, wai don kada sauro ya ɗebo zazzaɓi daga baƙar fata ya kai wa Bature. Wannan sabon matsuguni shi ne New Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da ƙwacen har gaban majalisar dokokin Jamus, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi ranar 8 ga Agustan 1914. Kafin ƙarshen Satumbar wannan shekara sojojin Ingila da Faransa sun karɓe garin, a 1916 kuma ya zama na Faransa.

'Yan ƙasa ba su so zaman wurin da aka tilasta musu ba, sai baƙi suka cike gurbin: Bamileke daga tsaunukan yamma, Bassa da Ewondo daga cikin kurmi, mutanen Legas da Dahome da Senegal daga bakin teku, sai Hausawa. Mafi yawan Hausawan ta ƙasa suka gangaro. Tun bayan jihadin Modibbo Adama fatake ke ratsa Yola, Banyo, Tibati, Ngawundare da Yoko da tufafi da kanwa, su komo da goro da hauren giwa, daga baya har da roba. Wasu kuma Jamusawa ne suka ɗebo su aikin soja da ɗan sanda. Faransawa suka naɗa wa kowace ƙabila sarkinta don karɓar haraji da tara leburori, suka bar unguwar ba titi, ba magudanar ruwa.

Abu biyu daga wancan lokacin suna nan har yau. Baƙo ya yi gini a kan ƙasar da ba shi da takardarta. Sannan a idon mutumin kudu, duk mai babbar riga da ke salla Bahaushe ne, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Kotoko, ko Balaraben Shuwa. Don haka alherin ɗaya na kowa ne, laifin ɗaya ma haka.

Gidan maigida

Tsarar farko ta rayu da wani tsari da duk zangon Hausawa ya sani. Baƙo ba ya sauka a titi, gidan maigida yake sauka. Maigida ne ke ba shi masauki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi, shi kuma ya ci la'ada. A ƙarƙashinsa akwai yara, 'ya'yansa da na 'yan'uwa da waɗanda aka aiko daga gida. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar huhun goro, yana kora shanu mayanka, yana bin bashi, yana kwana a shago. Idan ya nuna amana, maigida ya yi masa aure, ya yanka masa ɗaki a gidan, ya ba shi jari. Bayan wasu shekaru shi ma ya fara saukar baƙi. Masanin nan Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, kuma tsarin New Bell ɗan'uwansa ne.

Tsarin na da nasa zaluncin. Yaro ba shi da bakin magana, wani maigidan ya kan ci guminsa shekara da shekaru ya sallame shi hannu rabbana, kuma makarantar boko ba ta cikin lissafi. Amma alkawarin a bayyane yake, kowa kuma ya ga waɗanda aka cika wa. Haƙurin da dattawa ke yabon kansu da shi haƙuri ne mai ranar biya.

Tsarar wuta, 1940 zuwa 1960

A ƙarshen Agustan 1940 hafsan sojan Faransa Leclerc ya sauka Duwala ya miƙa Kamaru ga ɓangaren Janar de Gaulle. Yaƙin duniya na biyu ya zo wa talakan garin da aikin tilas da tsadar kaya da albashin da bai motsa ba. Da aka halatta ƙungiyoyin ƙwadago a 1944, ma'aikata suka sami baki. A Satumbar 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki, matasan New Bell marasa aiki suka mara musu baya, Turawa mazauna garin suka ɗauki bindigogi suka buɗe wa jama'a wuta. Ranar 10 ga Afrilun 1948, a wata mashaya da ake kira Chez Sierra a Bassa, aka kafa jam'iyyar UPC mai neman 'yancin kai da haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila, wadda Ruben Um Nyobè ya zama babban sakatarenta. New Bell ta zama cibiyarta. A Mayun 1955 aka yi mummunar arangama a unguwar, ranar 13 ga Yuli aka haramta jam'iyyar, magoya bayanta suka shiga daji. An kashe Um Nyobè a Satumbar 1958, yaƙin kuwa bai lafa ba sai bayan harbe jagoran 'yan tawayen Ernest Ouandié a Bafusam a Janairun 1971. Sai a 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru a waɗancan shekaru.

Hausawan New Bell sun sami kansu a tsaka mai wuya. Yawancinsu ba 'yan albashi ba ne, don haka ƙungiyar ƙwadago ba ta shafe su ba. Lamidan arewa ba sa tare da UPC, hukuma kuma na jingina da sarakunan ƙabilu don ta raba kan unguwar. Ɗan kasuwa na son kwanciyar hankali, maƙwabcinsa na ganin wannan a matsayin bin Bature. Ranar Lahadi 24 ga Afrilun 1960, wata huɗu bayan samun 'yancin kai, gobara ta cinye unguwar Kongo da ke manne da ta Hausawa, inda magoya bayan UPC suke da yawa. Dubban mutane suka rasa matsuguni. Har gobe ana jayayya kan wanda ya cinna wutar: wasu ruwayoyi sun ɗora ta kan rikicin ramuwar gayya tsakanin Hausawa da 'yan tawaye, wasu kuma sun ɗora ta kan jami'an tsaron da suka kewaye unguwar.

Darasin da wannan tsara ta ɗauka shi ne a kama baki. Siyasa wuta ce, a bar ta ga sarki da hukuma, a riƙe kasuwa da masallaci. Da wannan tarbiyyar suka reni 'ya'yansu. Amma duk da jinin da aka zubar, gidan maigida bai girgiza ba. Goro da shanu sun ci gaba da saukowa, ana ci gaba da yi wa yara aure da jari.

Zamanin da Bassa ke hayaƙi

Shekaru ashirin da biyu na mulkin Ahmadu Ahijo, Bafulatanin Garwa, su ne dattawan yau ke nufi in sun ce "da". A 1971 aka kafa hukumar MAGZI don shirya yankunan masana'antu, Bassa da Bonaberi suka cika da kamfanoni. A Bassa akwai babban garejin jirgin ƙasa, da kamfanin cakulan na Chococam, da kamfanonin giya irin su Guinness da UCB, da kuma CICAM, wanda aka kafa a 1965, yana kaɗi da saƙar audugar arewa a Garwa, ya kawo farin yadin Bassa a buga masa zane ya zama atamfa. A 1974 layin dogo ya isa Ngawundare, shanun da a da ke shafe makonni a ƙafa suka koma shigowa a tarago. A 1977 aka fara haƙo man fetur. Ƙidayar 1976 ta sami mutum kusan 458,000 a Duwala, ta 1987 ta sami kusan 810,000.

Bahaushe bai cika tsayawa a gaban inji a waɗannan kamfanoni ba, saboda aikin na neman takardar makaranta da Faransanci, wasu kuma ba su yarda da albashin kamfanin giya ba. Amma a bakin ƙofar masana'anta ya ci abinci. Shi ne mai gadi, shi ne mai tsire da mai shayin da ma'aikata ke tsayawa wurinsu in an tashi, shi ne direban babbar motar da ke kai kaya Marwa da Kusiri da Njamena, shi ne mai sarin atamfa da maɗinkin da ke mayar da ita riga. Ranar da aka biya albashi a Bassa, washegari kasuwannin New Bell sun sani. A sama kuma, manyan alhazai na samun lasisin shigo da kaya da bashin banki cikin sauƙi, saboda kusancinsu da masu mulki.

Wannan wadata ta ɓoye wata matsala. Yayin da maƙwabta ke tura 'ya'yansu makaranta da kuɗin adashe, gidajen Hausawa da yawa ba su ga dalili ba, tunda yaron da ya sauke Alƙur'ani ya shiga shago ya kan riga mai digiri yin aure da sayen mota. Lissafin daidai ne a lokacinsa. Ya dogara ne kawai da abu biyu da ba a hannunsu suke ba: albashin wasu, da kujerar wani.

Shekaru goma da suka karya ƙashin baya

Ahijo ya sauka a Nuwambar 1982, Paul Biya ya hau. Ranar 6 ga Afrilun 1984 wasu dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa, galibinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki, bai yi nasara ba. Aka harbe mutane da dama, aka ɗaure wasu, zargi ya hau kan duk mai babbar riga. Ƙofofin da a da ke buɗe wa alhazai suka fara rufewa.

Kafin a farfaɗo, farashin mai da koko da kofi da auduga ya faɗi a 1986. A 1987 gwamnati ta amsa cewa ƙasa ta shiga matsi, a 1988 ta sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, shekara biyu bayan Babangida ya shigo da irin wannan shiri a Nijeriya. Bankuna suka durƙushe da ajiyar 'yan kasuwa, kamfanonin gwamnati suka yi ta sallamar ma'aikata. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, a Janairu da Nuwamba, da yawa suka rasa fiye da rabin abin da suke ɗauka. A shekarar ce aka soke alawus ɗin ɗaliban jami'a aka ɗora musu kuɗin rajista sefa 50,000. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Duk mai bashin kayan waje ya wayi gari bashinsa ya ninka.

Illar da wannan ya yi wa Hausawa ta zo ta fuska biyu. Masu sayen kayansu sun talauce. Sannan waɗanda aka kora daga ofis da masana'anta, da masu digirin da ba aiki, duk suka kwararo kasuwa, wurin da a da Bahaushe da Bamileke ke cin karensu ba babbaka. Suka zo da ilimin lissafi da takardun kwastan, daga baya su ne suka fara zuwa Dubai da Sin. Gwanjo ya cika kasuwar Nkololun, atamfar Sin da ta fasa-ƙwauri ta danne ta CICAM, kamar yadda ta rufe masaƙun Kaduna da Kano. Riba ta ragu har ta kai maigida na iya ciyar da yaransa amma ba ya iya sallamarsu. Yaro ya kai shekara talatin a shago, ba aure, ba jari. A nan alkawarin ya karye, kuma daga nan aka fara cewa yara ba su da haƙuri.

'Ya'yan babur

A 1991 'yan adawa suka kira yajin gama-gari na watanni, wanda aka sani da villes mortes, inda ake rufe kasuwanni da hana motoci fita a ranakun aiki. Duwala ce cibiyarsa. Da tasi ta ɓace daga titi, babur ya maye gurbinta, da kamfanin bas na gwamnati SOTUC ya mutu a tsakiyar shekarun 1990 kuwa, bensikin ya zama ƙafar gari. Baburan Sin masu araha suka ƙara buɗe ƙofar.

Babur ya sauya ma'anar girma. Saurayi ba ya buƙatar shekara goma a ƙarƙashin kowa. Zai karɓi mashin, ya riƙa kai wa mai shi balas kullum, abin da ya saura nasa ne. Ya sami 'yanci da wuri, amma sana'ar ba ta da matakala: wanda ya shekara goma sha biyar a kai da wanda ya fara jiya kuɗinsu ɗaya, sai dai na farkon ya fi ciwon baya da tabon haɗari. Mai gidansa na gaskiya shi ne tashar da yake tsayawa da abokan da za su taru in ɗan sanda ya kama shi.

A wannan zamanin ne kuma New Bell ta fitar da wasu gwanaye biyu da yara ke kallo. Ɗaya shi ne ɗan damfara, irin Donatien Koagne, wanda ya yi suna da yaudarar manya a ƙasashen waje da sunan ninka kuɗi, ya ƙare a kurkukun Yaman. Ɗayan shi ne ɗan ƙwallo, Samuel Eto'o, wanda ya taso a layukan unguwar ya kai Barcelona. Hanyoyinsu sun sha bamban, amma saƙon da yaro ya karanta ɗaya ne: arziki na zuwa ne farat ɗaya, daga waje kuma.

Hukuma ta amsa da ƙarfi. A shekarar 2000 aka kafa runduna ta musamman don yaƙi da 'yan fashi a Duwala, Kadinal Christian Tumi ya fito ya yi tir da kashe-kashen da take yi ba shari'a, a Janairun 2001 kuma samari tara na unguwar Bepanda suka ɓace a hannunta kan zargin satar tukunyar gas. A ƙarshen Fabrairun 2008, yajin aikin direbobi kan ƙarin kuɗin mai ya haɗu da tsadar abinci da shirin cire wa'adin mulki daga kundin tsarin ƙasa, gari ya kama da wuta. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. Gidan yarin New Bell, wanda aka gina don mutanen da ba su kai dubu ba, ya daɗe yana ɗauke da dubbai, galibinsu matasa masu jiran shari'a.

Yaƙin da ya biyo baƙi

Tsara ta huɗu ta tashi da yaƙoƙin da ake yi nesa da Duwala amma suna sauka a ƙofar gidanta. A 2013 da 2014 rikicin Seleka da 'yan Anti-balaka ya kori Musulmin Afirka ta Tsakiya, ya jefa direbobin hanyar Duwala zuwa Bangi cikin haɗari, ya kuma raunana kasuwar shanu. A Mayun 2014 Biya ya shelanta yaƙi da Boko Haram. Garuruwan Kolofata da Fotokol da Amchide na Arewa Mai Nisa suka zama fagen daga, hanyar kasuwancin Banki da Gambaru ta mutu, a Yulin 2015 aka kai hare-haren ƙunar baƙin wake Marwa. Daga 2016 kuma rikicin yankunan masu magana da Ingilishi ya turo dubban 'yan gudun hijira Duwala.

Samarin da suka gangaro daga Arewa Mai Nisa sun tarar da gidajen saukar baƙi sun cika ko sun mutu. Suka kwana a harabar masallaci da tashar mota, suka kama turin baro, gadi, sayar da ruwa, wankin takalmi, jari-bola da babur. Kakanninsu sun zo da kaya da wanda zai tsaya musu, su kuwa sun zo da jikinsu kawai, wasu ko takardar haihuwa babu. Dokar yaƙi da ta'addanci ta Disambar 2014, da hana sa niƙabi da aka yi a 2015, da samamen duba katin ɗan ƙasa, sun sa ɗan unguwar da aka haifi kakansa a New Bell ya sake jin ana masa kallon baƙo. Tsohon kuɗin goron nan ya dawo: a 1960 an ce Bahaushe ɗan koren hukuma ne, a 1984 an ce maci amanarta ne, a 2015 an ce a bincika jakarsa.

Matsin aljihu bai sassauta ba. Gobara ta ci kasuwar Kongo a 2012 da 2019. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a 2024, kuma ɗan bensikin ne ke fara ji. Akwai sabbin masana'antu, irin kamfanin ƙarfe na Prometal a Bassa da simintin Dangote da ya fara aiki a 2015, amma injin zamani ba ya ɗaukar hannaye da yawa, waɗanda yake ɗauka kuma masu takardar koyon sana'a ne. Shi ya sa wasu ke kama hanyar Turai ta Nijeriya da Agadas zuwa Aljeriya da Maroko, hanyar da ɗan damben nan Francis Ngannou ya bi a 2012. Jikokin fatake na hawa hanyar da kakanninsu suka gangaro, wannan karon ba kaya a kansu.

Harshe, masallaci da aure

Sauyin da ya fi damun dattawa a cikin gida yake. Yaron New Bell na jin Hausa a wurin uwarsa, Faransanci a makaranta, Turancin Fijin a kasuwa, da abokansa kuma yana yin cakuɗen da ake kira Kamfaranglè. Hausarsa ta fi ƙarfi a finafinan Kano da wa'azin da ke yawo a WhatsApp fiye da a zauren kakansa. Bayan dokokin 'yancin kafa ƙungiyoyi na Disambar 1990, matasan da suka yi karatu a Madina da Sudan da Nijar da Nijeriya suka buɗe masallatai da makarantun Faransanci da Larabci, suka ja da malaman Tijjaniyya kan abubuwan da iyaye suka gada. Jayayyar ta aƙida ce, amma tana da wata fuskar: wa'azin da ke cewa a rage bidi'ar biki, a sauƙaƙa lefe, kada a durƙusa wa kowa, ya yi daidai da kunnen saurayin da ba shi da kuɗin biki kuma ba ya cin tuwon kowa.

Mata ma sun ɗauki nauyin da ba a rubuta ba. Da kasuwar maza ta yi sanyi, abincin sayarwa da adashe da sarin turare da atamfa na matan cikin gida ne suka riƙe tukunya. Uwar da ta biya kuɗin makaranta da guminta ba ta yarda a cire 'yarta daga aji don aure cikin sauƙi. Yau akwai 'yan matan unguwar a Jami'ar Duwala da asibitoci da bankuna, abin da kakanninsu ba su taɓa kawowa a rai ba. Wannan riba ce ta gaske da matsin ya haifar.

Siyasar kama baki ma ta ƙare. A zaɓen 12 ga Oktoban 2025, Isa Ciroma Bakari, mutumin Garwa, ya ƙalubalanci Biya, wanda ke mulki tun kafin a haifi mafi yawan 'yan ƙasar. Cikin waɗanda suka tsaya masa har da Anicet Ekane na jam'iyyar Manidem, wadda ta tsiro daga tsatson UPC. New Bell na cikin unguwannin da aka yi arangama da jami'an tsaro gab da bayyana sakamako, aka kuma rasa rayuka. Jikokin waɗanda gobarar unguwar Kongo ta 1960 ta raba sun sami kansu a layi ɗaya, domin tasha ɗaya suke tsayawa da babur, farashin mai ɗaya suke biya.

Gyaran da ke hannu

Tsayar da yaƙin Boko Haram a yankin Tafkin Cadi ko daidaita darajar sefa ya fi ƙarfin mutanen unguwa. Abin da ya fi kusa da hannunsu shi ne hanyar da ta toshe. Gidan maigida na da ba zai dawo ba, amma aikin da yake yi na nan yana jiran mai yi: tsaya wa baƙo, koya wa yaro sana'a, da sallamarsa da jari a lokacin da aka yanka. Ƙungiyoyin mahauta da direbobi da 'yan kasuwa da kwamitocin masallatai na iya mayar da wannan yarjejeniya a rubuce, da shekarun hidima da adadin jarin sallama, a kuma juya wani kaso na zakka da adashe zuwa kuɗin koyon walda da lantarki da kanikanci, sana'o'in da ƙofar Bassa ke buɗe musu. Sarakunan unguwa na iya sa takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar fili a gaban komai, don wanda ba shi da takarda ba ya zana jarrabawa, ba ya buɗe asusun banki, ba ya jingina gidansa ya karɓi bashi.

Dattijon da ke neman haƙuri daga matashi yana da gaskiya, domin ba a gina kasuwa ba tare da shi ba. Sai dai shi da aka nema masa haƙuri a zamaninsa an faɗa masa ranar da za a sallame shi da abin da za a ba shi. Matashin New Bell na yau ma wannan yake jira ya ji, kuma attajirai da malamai da sarakunan unguwar ne ya kamata su fara ba shi amsa.